Idan makaɗi ya sa hannu a faifan ɗan'uwansa, waƙar ta wa ce?

A shekarar 2012 Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ya ɗauki jitarsa da mutanensa suka nufi birnin Nashville na Amurka. Wanda ya gayyace shi Dan Auerbach ne, mawaƙi kuma makaɗin jita na ƙungiyar The Black Keys, mai sutudiyon da ake kira Easy Eye Sound. Faifan da suka haɗa, Nomad, ya fito a watan Afrilun 2013 ƙarƙashin kamfanin Nonesuch, ya kuma hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na kiɗan duniya. Shekaru sun wuce, amma in aka kunna shi a fada nan Yamai, kafin shayi na biyu ya sauka gardama ta tashi. Wani ya ce a nan ne yaron Agadas ya zama babban mutum. Wani ya ce a'a, Bature ne ya cika masa kaya har sautin hamada ya ɓace a ciki.

Gardamar ta cancanci a bi ta a hankali, domin ba Bombino kaɗai ta shafa ba. Duk matashin da ya rubuta waƙarsa da kansa, ya tara ƴan kuɗinsa, ya shiga sutudiyo a Yamai ko Tawa, sai ya gamu da wani makaɗi da zai ce masa "gyara nan, cire can". Tambayar ita ce, daga ina shawara take tsayawa, daga ina kuma take zama mallaka?

Mutane da yawa suna zaton gudummawar makaɗi a faifan wani ita ce ya zo ya kaɗa jita a waƙa ɗaya ko ya rera baiti biyu, a rubuta sunansa a jikin hoto. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin, kuma mafi sauƙin biya. Babban aikin kunne ne. Mai waƙa ya daɗe da waƙarsa, ya rera ta a ɗaki, ya rera ta a biki, ya saba da ita har ba ya jin aibinta. Wanda ya zo daga waje shi ne zai ji cewa gabatarwar ta yi tsawo, amshin bai shigo da wuri ba, ko murya ta hau sama fiye da ƙarfin maƙogwaron mai ita. Shi zai ce cikin waƙoƙi ashirin da aka kawo, goma ne suka isa shiga faifai, kuma wadda mai waƙar ya fi ƙauna ba ta cikinsu. Shi zai ce a ɗauki kowa a lokaci guda ko a ɗauki ganga daban, jita daban, murya daga baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai saurare zai ji a matsayin sauti, amma su ne suke yanke yadda faifan zai kasance.

Wanda ya taɓa zama a ƙananan sutudiyon unguwanninmu ya san yadda abin yake gudana. Ɗaki ne ƙarami an lilliƙa soso a bango, kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, makirho a lungu bayan labule. In za a ɗauki murya sai an kashe fanka saboda makirho yana kwashe ƙararta, a watan Afrilu kuwa minti biyar ya isa riga ta jiƙe. Yaro yana rerawa, babban makaɗi yana zaune a kan benci da jita a cinya, bai ce komai ba sai da aka kai baiti na uku. Sai ya ɗaga hannu.

"Ƙanena, tsaya. Wa kake wa wannan waƙar?"

"Mahaifiyata, Yaya."

"To me ya sa kake ihu? Haka kake mata magana a gida? Sauko da muryar, ka bar jitar ta yi kukan."

Aka sauke waƙar da mataki ɗaya, aka rage gudu, aka cire baiti guda. Waƙar da ta fita daga ɗakin ba ita ce ta shiga ba, alhali babban bai ƙara kalma ko ɗaya ba, bai kuma taɓa tsirkiya ba tukuna. Irin wannan ne nake nufi da aikin kunne, kuma shi ne abin da doka ba ta san yadda za ta auna ba. Zan dawo kan wannan.

Faya-fayen Bombino sun ba mu damar da ba kasafai ake samu ba, ta jin mawaƙi ɗaya a hannun masu shawara daban-daban. Faifansa Agadez na 2011, wanda mai shirya fim Ron Wyman ya tsaya a kansa, sauti ne mai fili: jita, tafi, ganga, murya, da sarari a tsakaninsu. A Nomad Auerbach ya cike wannan sararin. Ya sa jitar ta yi kauri da gurnani irin na kiɗan rok, ya matso da ganguna gaba, ya shigo da ogan, da wani abin kiɗa mai kama da balafon amma na ƙarfe, da jitar nan da ake kwantarwa a goga mata ƙarfe, wadda aka san kiɗan karkarar Amurka da ita. Waƙoƙin sun gajarta. A bikin aure a Agadas ko a unguwannin Yamai waƙa ɗaya takan ɗauki minti goma ko fiye, tana juyawa tana ƙara zafi har masu rawa su gaji. A faifan Nashville an matse yawancinsu zuwa tsawon da gidan rediyon Amurka zai iya ɗauka.

Masu sukar suna da gaskiyarsu a nan. Kiɗan jitar Abzinawa ƙarfinsa yana cikin maimaitawa da haƙuri, kuma in ka yanke maimaitawar ka yanke wani abu daga jikinsa. Sai dai ni ban yarda cewa an ƙwace masa waƙa ba. Ka saurari faifan da kunnen basira: yatsun da suke gudu a kan tsirkiya nasa ne, karin nasa ne, baitocin da Tamashak suke daga farko har ƙarshe, ba a ce ya yi ko layi ɗaya da Turanci don a sayar ba. Abin da Auerbach ya taɓa shi ne kewayen waƙar, kuma ya yi hakan a fili, da sunansa a rubuce. Ya kuma kawo wani abu da ba kiɗa ba ne, wato sunansa. A watan Fabrairun 2013, kafin faifan ya fito da ƴan makonni, ya karɓi kyautar Grammy ta gwarzon mai shirya faifai na shekara. Duk ɗan jaridar da ke bin Auerbach dole ya rubuta sunan Bombino da na Nijar. Wannan ma gudummawa ce, kuma kada mu yi kamar ba mu san darajarta ba a ƙasar da mawaƙi yake rayuwa da kuɗin biki.

Daga baya aka sake gwadawa da wani mutum dabam, David Longstreth na ƙungiyar Dirty Projectors, a wani sutudiyo da ke Woodstock a jihar New York. Faifan, wanda ya fito a 2016, shi ne Azel, sunan wani ƙauye kusa da Agadas. Longstreth bai yi nauyin hannu irin na Auerbach ba, amma ya shigo da abu ɗaya da ya fi ogan zurfi: jera muryoyi hawa-hawa, wannan sama wannan ƙasa, kamar yadda Turawa suke yi. Ƴan amshin Abzinawa, kamar namu na Hausa, murya ɗaya suke bi gaba ɗaya. Sauya wannan taɓa ginin waƙar ne, ba ado ba. A faifan ne kuma aka ji salon da suka raɗa wa suna tuareggae, wato gauraya kiɗan Abzinawa da rege, wanda Bombino da mutanensa suka zo da shi. Ka ga ke nan shawara ba daga gefe ɗaya take zuwa ba. Baƙo ya kawo nasa, mai gida ya kawo nasa, a wani wurin ma mai gidan ne ya fi baƙon son sabon abu.

Sai Deran a 2018. An ɗauke shi a Kasabalanka ta Maroko, babu wani shahararren makaɗin Amurka a kan kujerar shawara, manajansa Eric Herman ne ya tsaya a kan aikin. Wannan faifan ne ya shiga takarar Grammy, karo na farko da wani mawaƙin Nijar ya kai wannan matsayi, ko da yake ƙungiyar Soweto Gospel Choir ta Afirka ta Kudu ce ta lashe a 2019. Masu sukar Nomad suna son wannan labarin ƙwarai, suna cewa ga shi nan, da aka bar shi shi kaɗai ya fi yin kyau. Ina ganin sun yi saurin yanke hukunci. Mutumin da ya shiga sutudiyon Kasabalanka ya riga ya zauna da Auerbach, ya zauna da Longstreth, ya ga yadda ake jera makirho, yadda ake zaɓen ɗauka ɗaya cikin biyar, ya san abin da yake so da abin da ba zai ƙara yarda da shi ba. Shawarar da ta yi amfani ita ce wadda bayan ta mai waƙa ya ƙara sanin kansa har ya iya tsayawa ba tare da mai shawarar ba. Aikin ungozoma ne: ta karɓi haihuwa, a gode mata, a sallame ta, amma ɗan ba nata ba ne, kuma ba ta tarewa a gidan.

Ali Farka Touré na Mali ya bi kusan wannan hanyar tun kafin Bombino. Ya yi faifan Talking Timbuktu da makaɗin jita Ry Cooder a Amurka, ya fito a 1994, ya ci Grammy a 1995. Bayan nan ya koma gonarsa, faifansa na 1999 kuwa sai da aka ɗauko kayan ɗauka aka kai masa har garinsu Niafunke, aka kuma sa wa faifan sunan garin.

Akwai inda hannun mai taimako yake yin nauyi har a ji shi ko ba a faɗa ba. Faifan Dimanche à Bamako na Amadou da Mariam, ma'auratan mawaƙa na Mali, wanda ya fito a 2004, mawaƙin Faransa Manu Chao ne ya shirya shi, ya yi waƙa a ciki, ya sa hannu a rubutun wasu waƙoƙin. Faifan ya yi kasuwa sosai a Faransa, ya ci kyautar Victoires de la Musique a 2005, ya kai ma'auratan inda shekaru da dama na aiki ba su kai su ba. Amma wanda ya san faya-fayen Manu Chao, da ya ji ƙarar jiniya da hayaniyar titi da ɗan karin jitar nan mai maimaituwa, zai gane mai aikin nan take. A wasu waƙoƙin sai ka rasa wane ne baƙo. Ban ce an cuce su ba, su da kansu suka so, kuma sun ci riba. Na kawo shi ne don a ga cewa nasarar kasuwa ba ita ce take nuna ko mai waƙa ya fito da kamanninsa ba. Ma'auni biyu ne daban, kuma matashin da ke neman babban suna ya taimake shi ya kamata ya san wanne yake nema.

Misalin da ya fi kwanta mini a rai na Senegal ne. Youssou N'Dour, yana tsakiyar tashensa, ya ji Cheikh Lô, ya kai shi sutudiyonsa na Xippi a Dakar, ya ba shi makaɗan ƙungiyarsa, ya shirya masa faifan Ne La Thiass a tsakiyar shekarun 1990, ya kuma rera tare da shi a ciki. Youssou yana da kiɗan mbalax mai zafi da ganguna da yawa, da ya so da ya zuba wa faifan wannan salon. Bai yi ba. Faifan ya fito da taushi, jitar katako a gaba, irin yanayin Cheikh Lô. Babba ya taimaki ƙarami bai mai da shi inuwarsa ba, kuma dukansu ƴan gida ne masu jin harshe ɗaya.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Baƙon da ba ya jin Tamashak ko Hausa ko Zabarmanci murya yake ji kamar wani kayan kiɗa. Zai iya cewa a yanke baiti na uku don waƙar ta yi tsawo, alhali a baiti na ukun ne aka ajiye maganar da aka gina waƙar dominta. A Hausa ma abin ya fi tsanani, domin hawa da saukar murya da tsawon wasali suna cikin ma'anar kalma. In karin waƙa ya ja kalma inda ba ta jawuwa, Bahaushe zai ji ta karkace ko da kiɗan ya kai kiɗa. Wannan gyaran sai ɗan gida. Shi ya sa nake ganin duk mawaƙinmu da ya samu baƙon mai shiryawa, ya kamata ya shiga da mutum na biyu mai jin harshen, wanda kuma ba ya jin nauyinsa.

Mutanen jihar Tawa suna da nasu misalin a gida. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a irin sutudiyon da ake buga waƙoƙin finafinan Hausa. Masu kiɗan wurin suka yi masa abin da suka saba: gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Wani zai ce sun ɓata kiɗan Abzinawa. Amma waɗannan waƙoƙin ne suka bi salula zuwa salula ta bulutut da katin waya har suka faɗa hannun Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, daga nan ƙofar duniya ta buɗe. Daga baya, a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, mai shirya masa faifai shi ne Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa masa jitar bas, wanda ya yi ta zuwa Nijar yana bin su bukukuwa. Mai shawarar da ya sha ƙurar biki tare da kai ya san dalilin da ya sa waƙar take ƙara gudu tana tafiya, ba zai ɗaure ta da ƙararrawar kwamfuta mai ƙidaya bugu ba. Abin lura a labarin Sakkwato shi ne sunayen waɗanda suka buga kiɗan nan ba su yi tafiyar da waƙoƙin suka yi ba. Duniya ta san mai waƙar, ta san Baturen da ya gano shi, masu fiyanon kuwa ba a maganarsu.

Wannan ya kai mu ga wurin da zumunci yake ɓaci. A al'adar kiɗan Hausa waƙa ta uban kiɗi ce. Ƴan amshi suna karɓa, suna ƙari, wani lokaci ma su ne suke tuna masa baitin da ya manta ko su gyara masa wanda bai zauna ba, amma sunansa ake kira. Ba zalunci ba ne a wancan tsarin, domin yana ci da su, yana tufatar da su, in an yi kyauta a raba, in za su yi aure ya tsaya musu. Hakkinsu yana cikin zaman tare. Sutudiyo ya rushe wannan. Makaɗi ya zo yini ɗaya, ya ƙirƙiro ɗan karin jitar da kowa zai riƙa bi da baki, a ba shi kuɗin mai, ya tafi. Bayan shekara waƙar tana YouTube, kamfanin salula ya sa ta a kiɗan kira, mai waƙar yana yawon ƙasashe. Mun ɗauki tsohuwar al'adar suna ɗaya, mun yar da ɗawainiyar da take tafe da ita.

Doka tana raba abu biyu da mu muke haɗawa. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da kari, akwai kuma ɗaukar da aka yi mata a sutudiyo. Ta farko ta wanda ya rubuta ya kuma tsara karin ce. Ta biyu galibi ta wanda ya biya kuɗin ɗaukar ce, tare da hakkin waɗanda suka rera ko suka kaɗa. Hukumomin kare hakkin mawallafa na ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin BNDA tamu, suna rarrabe marubucin baiti da mai kari da mai tsara kiɗa idan an zo rajistar waƙa. A Amurka mai shirya faifai yakan karɓi ladan aikinsa, sannan a yanka masa ɗan kaso, galibi 3 zuwa 5 cikin 100, daga cinikin faifan. Amma babban nan da ya ce "sauko da muryar" ba shi da gurbi a ko ɗaya, sai in mai waƙar ya ga dama ya rubuta shi a matsayin mai shiryawa ko mai tsara kiɗa. Shawara zalla ba ta da rajista.

Inda shawara ta zama kari kuwa, magana ta sauya, kuma ba ta tsufa. A Ingila, Matthew Fisher, wanda ya kaɗa ogan a shahararriyar waƙar ƙungiyar Procol Harum ta 1967, ya kai ƙara bayan kusan shekara 40 yana cewa karin ogan ɗin nasa ne. A 2006 kotu ta ba shi kashi 40 cikin 100 na hakkin kiɗan, a 2009 kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar masa da rabonsa na gaba. Mutanen da suka yi ƙuruciya tare suka ƙare a gaban alƙali da furfura, a kan abin da takarda ɗaya za ta kashe tun ranar ɗauka.

Na san abin da za a ce: a nan in ka fito da takarda gaban yayanka a sana'a, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Kunya tana hana ƙarami tambaya, girma yana hana babba nema. To amma nauyin a kan mai faifan yake, shi ya kamata ya fara magana, kuma tun kafin waƙar ta fita, lokacin da ba ta kawo ko dala ba, don a lokacin ne rabo yake da sauƙi. Ya zauna da duk wanda ya sa hannu, a bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya: wannan wa ya rubuta, wa ya kawo karin, wa ya tsara, wa ya kaɗa kawai aka sallame shi. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kai rajista. A faɗi kuma wanda yake da maganar ƙarshe in an saɓa a kan sauti, wanda a ganina mai waƙar ne, ko da mai shawarar ya girme shi da shekara talatin. Sunayen kuma a sa su a ƙarƙashin bidiyon, tun da yanzu babu bangon kaset da za a karanta.

Muna da wuraren da za a koyar da wannan. Cibiyar CFPM Elhaji Taya a Yamai ta daɗe tana horar da makaɗa, gasar Dan Gourmou da ake dangantawa da Tawa ta fito da ƙungiyoyi da dama tun ƙarshen shekarun 1980. Mun iya fitar da masu jita da masu murya. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne mutumin da sana'arsa ita ce ya zauna ya saurari waƙar wani, ya gyara ta ba tare da ya mai da ita tasa ba, a kuma biya shi a kan hakan. Ƙungiyar Tal National ma, da take cika wuraren rawa a Yamai, sai da ta ɗauko Jamie Carter daga Chicago ya zo da kayansa ya ɗauki Kaani a nan cikin gari kafin faifan ya fita duniya a 2013. Tsofaffin makaɗan da suka yi zamanin manyan ƙungiyoyi suna nan da ransu a unguwanni, kunnuwansu garau, kuma yawancin yaran da ke shiga sutudiyo yau ba su taɓa kiran ɗayansu ya zo ya zauna a kan benci ba.